Jonas ko Cheez: wa ya fi yi wa tsohon Tetris hidima?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya ina kakkaɓe akwatin tsofaffin kaya a shago na ci karo da birik gem ɗina na yarinta, irin mai ruwan toka ɗin nan da aka rubuta wa 9999 a goshi. Murfin batirinsa ya ɓace tun tuni, sai da na naɗe da tef. Na sa masa batir, ya tashi, har da ƙarar nan tasa mai tsini. Khalifa ya karɓa, bai yi minti biyar ba bulo ya cika masa allo har sama. Sai ya ɗago ya ce, "Baba, akwai wanda ya taɓa cinye wasan nan?" Tambayar ce ta sa na buɗe wannan magana, don na daɗe ina bin masu buga tsohon Tetris, wanda Nintendo ya fitar a kan na'urar NES a 1989, kuma akwai mutumin da nake so mu tattauna a kansa.

Sunansa Jonas Neubauer, ɗan Amurka, haihuwar 1981. An fara gasar duniya ta wannan wasa a 2010 a Los Angeles, daga baya ta koma Portland. Shi ya ci ta farko, ya ci 2011, 2012 da 2013, ya faɗi a wasan ƙarshe hannun Harry Hong a 2014, ya dawo ya kwashe 2015, 2016 da 2017. Kofi bakwai cikin takwas na farko. Amma ba kofunan ne suka sa nake ganin girmansa ba. Yana kan sarautar ya riƙa ɗaukar bidiyo yana ɗorawa a intanet, yana koya wa kowa yadda yake jera bulo: yadda ake barin rijiya, wato siririn gurbi babu bulo, a gefe ɗaya ana jiran doguwar sanda, bulon nan miƙaƙƙe da zai cike ta, yadda ake gyara ɓarna idan rami ya rufe, yadda ake haƙuri idan sandar ta ƙi zuwa. Cikin masu kallo akwai wani yaro, Joseph Saelee. A 2018 yaron, yana da shekara 16, ya zo gasar karon farko, ya haɗu da Jonas a wasan ƙarshe, ya doke shi uku da babu. Ku nemi bidiyon. Yaron hawaye yake, Jonas kuwa ya juyo yana taya shi murna da fara'a.

Abin da ya sa wannan ke taɓa ni: na yi shekara huɗu ina yaron shago wajen wani mai gyaran waya. Duk ranar da aiki mai wuya ya shigo, irin na ɗaga aisi, sai ya aike ni sayo ruwa ko kati. Kafin na dawo ya rufe wayar. Tsoronsa kar na iya na buɗe shago kusa da shi. Don haka idan na ga zakara ya shimfiɗa sirrinsa a fili, wanda ya koya ya zo ya kayar da shi, kuma ransa bai ɓaci ba, na san ba ƙaramin abu ba ne. Ni a ganina babu wanda ya yi wa jama'ar wannan wasa hidima kamarsa. Jonas ya rasu a Janairun 2021 yana da shekara 39, kuma yanzu sunansa kofin gasar ke ɗauke da shi.

Ɗan Autan Gwaggo:
Wa alaikumus salam Oga. Wato wannan bulon da muke bugawa a makaranta a ɓoye har gasar duniya ake yi masa? Ikon Allah.

Sadiq Injiniya:
Wa alaikumus salam Yaya. Na yarda Jonas mutumin kirki ne, ba wanda zai musa. Amma idan maganar wanda ya canza wasan ake yi, to Christopher Martinez ne, wanda ake kira Cheez. Bari na yi bayani don waɗanda ba su san inda matsalar take ba.

Filin wasan gida goma ne a kwance, ashirin a tsaye. NES na sabunta hoton talabijin sau 60 a daƙiƙa. A mataki na 18 bulo na sauka gida ɗaya duk bayan hoto uku. Daga 19 zuwa 28, duk hoto biyu. A mataki na 29 kuwa gida ɗaya ne a kowane hoto, wato daga sama zuwa ƙasa kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. To idan ka danne maɓallin hagu ko dama ka riƙe, kamar yadda su Jonas ke yi, bulon gida goma kawai yake matsawa a daƙiƙa, kuma sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya fara. Lissafa da kanka: a wannan ɗan lokacin gida uku zai yi, alhali bango na nesa da gida huɗu ko biyar. Shi ya sa shekara da shekaru aka ɗauka mataki na 29 shi ne ƙarshen duniya.

Wasu sun ɓullo da dannan karkarwa, wato ka sa tsokar hannunka ta riƙa rawa kana buga maɓallin fiye da sau goma a daƙiƙa. Thor Aackerlund ya yi shi tun da daɗewa, har ya nuna mataki na 30 a 2011. Koryan na Japan ya yi, kuma da wannan dannan ne Joseph ya ci Jonas. Amma ba kowa jikinsa ke ba shi ba, kuma yana gajiyar da hannu.

A ƙarshen 2020 Cheez ya zo da wata dabara. Ka ɗora yatsa ɗaya a kan maɓalli ba tare da ka danna ba, sannan ka riƙa kaɗa bayan hannun gem ɗin, wato abin riƙewar nan mai maɓallai, da yatsun ɗaya hannunka, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiɗan ƙwarya. Kowane bugu na tura hannun gem ɗin sama ya haɗu da yatsan. Yatsu biyar, danni biyar. Da wannan ana wuce danni 20 a daƙiƙa. Bai ɓoye ba, ya nuna wa kowa, har ya faɗi cewa a wajen Hector Rodriguez, wani gwanin injinan gem na tsaye, ya ɗauko tunanin. Cikin shekara biyu katangar da ta tsaya shekara talatin ta rushe. Yaya, wannan fa?

Baban Khalifa:
Sadiq ƙanena, ban raina Cheez ba ko kaɗan. Amma ka tambayi kanka: me ya sa bai ɓoye ba? Da ya yi shiru ya shiga gasa da dabararsa shi kaɗai, wa zai ce masa don me? Ya tarar da gida ne wanda babba a cikinsa ba ya rowar ilimi. Yaro abin da ya ga manya na yi shi yake ɗauka.

Sadiq Injiniya:
Wannan ai raba wa mutum ladansa ne ka kai wa wani, Yaya. Kirkin Cheez nasa ne. Ba za a ce duk alherin da aka yi bayan 2018 Jonas ne ya yi shi ba.

Malam Isuhu Damagaram:
Salamu alaikum. Ni dai zan faɗi abin da ke raina, ku yi haƙuri da dattijo. Duk wannan hidima da kuke yabo, hidimar mene ce? Bulo ne fa ke faɗowa a talabijin. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyon kaɗa yatsu, ya koya wa wasu su ma su ƙarar da tasu. Lokaci amana ne, za a tambaye mu a kansa. Da ƙira ce ko ɗinki ko gyaran waya irin naka Baban Khalifa, sai na ce madalla. A unguwarmu ina ganin yara a gidan gem tun hantsi har la'asar, an kira salla ba su ji ba, an aike su ba su je ba. Ina tsoron mu riƙa kambama irin waɗannan mutane a gabansu.

Maman Hanifa:
Malam, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, kuma ni da nake koyarwa a firamare na fi kowa ganin yaron da ya kwana a kan waya ya zo aji yana gyangyaɗi. Amma ina ganin abu biyu ne. Yaron da aka bari ba mai kula da lokacinsa, ko dara ce ko ƙwallo zai lalace a kai. Laifin ba na dara ba ne. Kakana gwanin dara ne, bayan la'asar yake zama a gindin darbejiya, kuma bai taɓa rasa jam'i ba. Mutanen gari sun san shi da ita, yara na zagaye shi suna koyo. Ban taɓa jin an ce ya ɓata rayuwarsa ba.

Kuma abin da Baban Khalifa ke nunawa ai ba bulon ba ne, halin ne. Ni ma a wurin aikina na ga malamar da ke ɓoye takardun darasinta a jaka kar sabuwar malama ta kwafa.

Malam Isuhu Damagaram:
Hajiya, na ji. Dara kam mun buga. Amma dara da mutum kake yi ido da ido, ku gaisa, ku tashi tare ku tafi masallaci. Wannan kuwa yaro ne shi kaɗai a ɗaki.

Baban Khalifa:
Malam, Allah ya ja kwana, nan ne ma nake ganin aikin Jonas. Kafin 2010 haka abin yake yadda ka faɗa: kowa a ɗakinsa, ya yi maki ya ɗauki hoton talabijin ko ya naɗa a kaset, wani ma ba a yarda da shi ba. Ƙidayar makin wasan a 999,999 take tsayawa, kuma sai a 2009 Harry Hong ya zama na farko da aka tabbatar ya kai can. Masu iyawa 'yan ƙalilan ne a duniya. Gasar ce ta fito da su daga ɗaki ta zaunar da su kafaɗa da kafaɗa, kowa da tsohuwar talabijin mai ƙeya a gabansa. Wasan ƙarshe na 2016 tsakanin Jonas da Jeff Moore shi ne ya bazu a YouTube, miliyoyi suka kalla, kuma ta nan yara irin su Joseph suka shigo. Da zakaran wancan lokacin mai girman kai ne, wanda ke kallon sababbi a wulaƙance, da yawansu da sun leƙa sun juya.

Zainab Lissafi:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni kuma ina ganin dukkanku kun tsaya a kan waɗanda kyamara ke haskawa. Bari na amsa tambayar Khalifa tukuna, don har yanzu ba wanda ya amsa masa: e, an cinye wasan, kuma yaro ne ɗan shekara 13 ya yi. Willis Gibson, wanda ake kira Blue Scuti, daga Oklahoma, ranar 21 ga Disamba 2023. Ya buga kusan minti 38, ya kai mataki na 157, wasan ya daskare cak. Mahaifinsa ya rasu a cikin watan, kuma shi ya sadaukar wa nasarar.

Amma ta yaya ya san inda zai daskare? Ba sa'a ba ce. Waɗanda suka rubuta wasan a 1989 ba su taɓa zaton za a yi nisa haka ba. Daga mataki na 138 launukan bulo ke rikicewa, saboda wasan ya fara karanto launi daga wurin da ba na launi ba a ƙwaƙwalwarsa. A 146 da 148 bulon kan yi duhu har da ƙyar ake ganinsa a kan baƙin allo. Sannan lissafin maki na ƙara nauyi yayin da mataki ke hawa, har ya kai inda na'urar ba ta gama shi a kan lokaci, sai ta ruɗe ta tsaya. Wani mai suna Greg Cannon ya rubuta manhajar da ke buga wasan da kanta, StackRabbit, ta shiga can ta ga daskarewar a 2021. Wani kuma da ake kira HydrantDude ya zauna ya bi lambobin wasan ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da jadawalin duk wuraren da zai iya daskarewa da abin da ke jawo shi, ya ba jama'a kyauta. A jadawalin, dama ta farko ita ce ka shiga mataki na 155 da share layi ɗaya tak. Willis ya kuskure wannan, ya ci gaba cikin tashin hankali, ya same ta a 157.

To shi HydrantDude wane kofi aka ba shi? Ga kuma Kirjava da ya haɗa TetrisGym, wanda ke ba ka damar fara atisaye daga matakin da kake so maimakon ka ɓata rabin awa kafin ka isa wurin da ke ba ka wahala. Kusan duk yaran nan da shi suke horo. Idan hidima ake nema, ni a nan nake ganinta.

Sadiq Injiniya:
Zainab kin kawo magana. Amma ki lura, da babu kiɗan yatsun Cheez, jadawalin HydrantDude takarda ce kawai. Ba ɗan Adam da zai isa mataki na 155 ya gwada ta.

Zainab Lissafi:
Haka ne Yaya Sadiq. Da babu jadawalin kuma, Willis zai iya wuce wurin bai san ya wuce ba.

Ɗan Autan Gwaggo:
Tambaya don Allah. Me ya sa dole sai an jira doguwar sanda? Ni da nake bugawa duk layin da ya cika share shi nake yi.

Baban Khalifa:
Auta, saboda maki ne. Layi ɗaya maki 40 ne, biyu 100, uku 300, huɗu a lokaci guda 1,200, kuma ana ninka kowanne da lambar matakinka da ƙarin ɗaya. A mataki na 18, inda aka saba fara gasa, layi ɗaya 760 ne. Ka share huɗu ɗai-ɗai ka samu 3,040. Ka share su tare da sanda ka samu 22,800. Ka ga ba a haɗa su. Kuma a zamanin Jonas layukanka ƙidayayyu ne: idan ka fara daga 18, a layi na 130 za ka shiga 19, a layi na 230 ka shiga 29 wasa ya ƙare. Duk layin da ka ƙona shi kaɗai asara ce da ba ta dawowa.

Sannan tsohon wasan ba shi da tausayi. Tetris na zamani yana ba ka nau'o'in bulo bakwai na wasan a zagaye, ka san sanda ba za ta daɗe ba, kuma kana iya ajiye bulo a gefe. Na 1989 babu ajiya, bulo ɗaya kawai kake hange a gaba, kuma sanda na iya ƙin zuwa har bulo talatin ko fiye su wuce. 'Yan wasan fari suke kiran wannan, kamar yadda manomi ke jiran ruwa. A cikin farin nan ake gane gwani. Jonas ginin nasa kan yi kamar ya lalace, ka ce shi ke nan, sai ka ga ya zura wani bulo ta ƙarƙashin wani a daƙiƙar ƙarshe, ya buɗe rijiyar daidai lokacin da sandar ta iso. Wannan shi ne abin da ya zauna yana koyarwa dalla-dalla.

Kuma Sadiq, ga abin da ke damuna da kiɗan yatsun nan, ko da yake ina jinjina masa. Ya sa wasan ya zama na juriya. A wasan ƙarshe na 2022 tsakanin Eric Tolt da Justin Yu akwai zagayen da kowannensu ya wuce maki miliyan biyu, abin ya ƙi ƙarewa. Dole masu gasar suka gyara kaset ɗin daga 2023, aka sa gudu ya ninka a mataki na 39 don wasa ya samu iyaka. A da kyan gini ke raba gardama. Yanzu idan yatsunka ba su da gudu, ko ginin ka ya kai na Jonas kyau, ba ka zuwa ko'ina.

Sadiq Injiniya:
Nan kam ban yarda ba Yaya. Ka kalli yaran nan da kyau. A gudun mataki na 29 suke gina rijiya suna jiran sanda, abin da su Jonas ke yi a rabin wannan gudun. Ginin bai mutu ba, ƙaruwa ya yi. Kuma kiɗan ya fi dannan karkarwa adalci, don shi koyonsa ake yi, ba sai an haife ka da irin tsokar ba.

Na gwada da kaina. Ina da hannun gem irin na NES mai shiga kwamfuta. Na ɗora shi a cinya, na sa babban yatsan hagu a kan maɓalli, na sa safar hannu a dama don yatsu su riƙa zamewa kamar yadda na ga suna yi. Satin farko bulon ko dai ya ƙi motsi ko ya wuce inda nake so ya bugi bango. Wahalar ba gudun ba ce, ƙidayar ce: gida uku yatsu uku, gida biyar yatsu biyar, kuma dole yatsan da ke sama ya tsaya daidai, bai danna ba bai ɗaga ba. A sati na uku na fara kai sanda bangon hagu sau biyar a jere. Na tashi na zagaya ɗaki don murna. Mutumin da ban taɓa gani ba, a wata nahiya, ya ba ni wannan kyauta.

Malam Isuhu Damagaram:
Sati uku, Sadiq.

Sadiq Injiniya:
Rabin awa bayan isha'i, Baba, ba na wuce haka. Kuma shi Justin Yu da Yaya ya ambata, wanda ya ci gasar 2023, ɗalibi ne a jami'ar MIT lokacin da ya ci. Shi ne na biyu da ya daskarar da wasan, a farkon Janairun 2024, a mataki na 155 daidai. Lokacin da Willis ya riga shi, suna tsere ne a kan abu ɗaya, amma ya fito ya taya yaron murna.

Malam Isuhu Damagaram:
To, in dai da ƙa'ida, ba ni da ta cewa. Ni tsorona yaran da ba su da mai ce musu ya isa. Amma zan faɗi gaskiya, maganar rowar ilimi ta shige ni. Mahaifina maƙeri ne, kuma akwai wani haɗin da yake yi wajen shayar da ƙarfen lauje wanda bai taɓa nuna wa ko ɗaya daga cikinmu ba. Kullum sai ya ce sai mun ƙara girma. Ya rasu da abinsa. Har yau ƙanena da ya gaji maƙerar bai samo shi ba.

Maman Hanifa:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Baban Khalifa:
Amin. Allah ya gafarta masa, Malam.

Ɗan Autan Gwaggo:
Amin ya Allah. Oga, wata tambayar: wanda muke bugawa a famili gem na gidanmu, mai kaset rawaya, mutum biyu ke yi a lokaci guda. Shi ne wannan da ake gasar?

Zainab Lissafi:
Ba shi ba ne, Auta. Na Nintendo mutum ɗaya ke bugawa, shi ya sa a gasa kowa da na'urarsa. Mai mutum biyun da ke cikin kaset masu wasanni da yawa galibi na kamfanin Tengen ne. Shi ma a 1989 ya fito, amma rigimar haƙƙin mallaka ta kai kotu, Nintendo ya yi nasara, aka janye shi daga kasuwa. Masu kwafi ne suka raya shi har ya iso gidajenmu. Asalin wasan kuwa Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, a cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Sobiyet, kuma sai a 1996 ya fara samun kuɗi daga gare shi.

Sannan labarin bai tsaya a kan Willis ba. A Oktoban 2024 Michael Artiaga, wanda ya ci gasar 2020 da 2021, ya buga a kan kaset da aka gyara don kar ya daskare, ya wuce mataki na 255, wasan ya koma sifili kamar an fara sabo. Sama da minti 80 ya yi, kuma a hanya akwai mataki na 235 wanda shi kaɗai layi 810 ne maimakon 10, ga bulon kore mai duhu. Lokacin yana da shekara 16. A 2020 ɗin ma da yayansa Andrew ya kara a wasan ƙarshe, suna gida ɗaya, don annoba ta sa gasar ta koma intanet.

Baban Khalifa:
Zainab, Allah ya ƙara basira, kin sa na ƙara mutum biyu a lissafina, ban san aikin Kirjava ba sai yau. Amma ban sauka daga kan Jonas ba, kuma ga dalilina na ƙarshe. Cheez ya bayar da dabara yana matashi mai tasowa, duniya na gabansa. HydrantDude da Kirjava ba su da sarautar da za su rasa. Jonas shi ne mai abin asara. Duk wanda ya koya wa, abokin karawarsa ne gobe, kuma ya sani. A 2019 tun zagayen farko aka fitar da shi, mutumin da ya saba zuwa wasan ƙarshe kowace shekara. Bai yi fushi ya bar wasan ba, bai ce yara sun lalata shi ba. Ya ci gaba da fitowa kai tsaye a intanet yana bugawa, yana amsa tambayoyin masu koyo, har ƙarshen rayuwarsa. Ni na san nauyin wannan, don yanzu ina da yara uku a shagona, kuma ranar da babbansu ya gyara wayar da ta gagare ni, sai da na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro kafin na iya ce masa sannu da ƙoƙari.

Sadiq Injiniya:
Wannan kam na ba ka, Yaya. Amma a kan wanda ya canza wasan ina nan a kan Cheez.

Maman Hanifa:
Baban Khalifa, ka koma ka ba yaron amsarsa dai. Ka ce masa an cinye, kuma wanda ya cinye bai girme shi da yawa ba.

Baban Khalifa:
Na faɗa masa ɗazu da muka dawo daga magariba, Hajiya. Ya ce shi ma kiɗan yatsun yake so ya koya. Na ce sai ranar Asabar, bayan ya dawo daga islamiyya. Sadiq, idan kana gari ka zo mana da hannun gem ɗin nan naka da safar, akwai tsohuwar kwamfuta a bayan shago.

Sadiq Injiniya:
In sha Allahu zan zo da la'asar. A yanke masa farce kafin nan, Yaya, suna kama bayan hannun.